Kabarin Baba da Littafin da Na Je Nema a Kilomita Biyar

Mun tashi da asuba daga Garoua-Boulai, garin kan iyakar Kamaru inda muke zaune, ranar Laraba, liman yana sallama muna neman takalmanmu. Ni da wani maƙwabcina ne, mai sayar da yadi, wanda yake shiga Bangui, babban birnin ƙasarmu, duk bayan wata biyu. Ni kuwa rabona da Bangui tun ranar da muka fito a bayan babbar mota a shekarun rikici, da tabarma ɗaya da tukunya ɗaya. Kafin mu isa tasha na tsaya sau uku ina laluba aljihu in ji ko takarduna suna nan. A na ukun abokin tafiyata ya ce in ba shi ya riƙe, kada in huda aljihun da laluba. Ban ba shi ba.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba, bari in faɗa tun yanzu. Baba ya rasu a cikin makonnin da aka rufe mu a Kilomita Biyar, unguwarmu ta Musulmi a Bangui. Ba harsashi ba ne, ciwon sukari ne, kuma babu magani a unguwar. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa a lokacin, wanda ya fita da gawa ba lalle ya dawo ba. Sai muka binne shi a bayan gida, gindin mangwaro, kamar yadda gidaje da yawa suka yi. Da lokacin gudu ya zo, akwai akwatin ƙarfe na littattafansa na addini. Ba zan iya hawa mota da shi ba, domin a shingen hanya rubutun Larabci kaɗai yana iya jawo wa mutum halaka. Ba zan kuma bar shi a ɗaki a zo a tattaka sunan Allah ba. Na naɗe littattafan da leda, na sa tabaransa na karatu a kai, na rufe akwatin na binne shi daga wajen ƙafafunsa.

A bana Yaya, wanda ya daɗe da komawa Bangui, ya sayar da gidan da yardar dukanmu. Na yarda a waya, kuma sai da na kashe wayar na tuna abin da ke bayan gidan. Wanda ya saya sito zai gina. Yaya ya kira ya ce masu haƙa za su fara ranar Litinin, ko mu ɗauke Baba mu kai shi maƙabarta, ko a zuba siminti a kansa. Na tambayi mutum uku a nan garin, na samu amsa uku. Ku kun san ni. Mutumin da yake sake alwala don bai tabbata ya shafi kunne ba, ba zai sa fartanya a kabarin ubansa don wani ya ce masa "ba komai" ba. Na ce sai na gani a littafi da idona. Karatuna kuwa aji shida ne na makarantar Faransanci. Ina karanta Hausar boko da Faransanci mai sauƙi, ina karanta Alƙur'ani da wasali, amma ban jin Larabci.

A kan iyaka muka ɓata rabin safiya. Manyan motoci sun yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, ana jiran sojojin rakiya. Direbobi sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motocinsu suna shan shayi kamar a ɗakinsu. Tamu ƙaramar bas ce, an ɗora mata buhunan albasa har ta karkata gefe. Wani jandarma ya daɗe yana duba katina, yana duban fuskata. Ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Gaskiyarsa ce, lokacin da aka ɗauki hoton ina da kumatu.

Damina ce, hanya ta jiƙe. Inda kwalta take da kyau direba yana gudu kamar ana binsa, inda ta fashe kuma sai mu shiga rami mu fito da jan ruwa har gilashi. Shingaye ban ƙirga su ba. A kowanne sai an sauka, a nuna takarda, a koma. Daji ya yi kore shar, ciyawa ta fi mutum tsawo, kuma ni ciyawar nan ba ta ba ni sha'awa, domin na san abin da ta taɓa ɓoyewa. Mun wuce ƙauyuka da aka yi wa sabon jinka a kan bango mai baƙin hayaƙi. A wani gari da Fulani suke tare mota da ƙwaryar nono a da, babu ko mace ɗaya a bakin hanya. Masallacin garin yana tsaye ba rufi, wata bishiyar gwanda ta fito daga inda liman yake tsayawa.

Abinci kuwa, ga nama ana gasawa a kowane zango, ƙamshi har cikin mota, amma ban san wanda ya yanka ba. Gyaɗa da ayaba na ci, sai mangbere, wato tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye, wanda ya yi tsada ninki biyu a kan yadda na bar shi. Abokin tafiyata ya tambayi mai nama, mai nama ya ce Musulmi ne ya yanka, shi ke nan ya ci tsinke biyar. Ya ce in na ci gaba da haka zan isa Bangui hoton katin ya ƙara nisa da ni.

Da azahar fasinjoji biyu suka yi gardama a kan ƙasaru. Ɗaya ya ce a haɗa sallolin, ɗaya ya ce a rage kawai. Kowa ya zaro waya ya kunna malaminsa, malaman biyu suna magana a lokaci guda a ƙarƙashin bishiya. Na yi raka'a biyu, na koma mota ina tunanin ko huɗu ya kamata in yi. Na ce a raina, in salla da muke yi kullum ta zama haka, ina ga tone kabari.

Mun kwana a Bouar, muka kama hanya da sassafe, muka shiga Bangui ranar Alhamis da la'asar. Mai moto, wato babur ɗin haya, ya ɗauke ni zuwa Kilomita Biyar. Titin Koudoukou yana nan da hayaniyarsa, masu tura kaya, masu canji, kantunan sari da buhunan shinkafa har bakin hanya. An yi sababbin benaye, an shafe wasu bangaye da fenti, amma wanda ya san inda ramukan harsashi suke yana ganinsu ta ƙarƙashin fentin. Na yi wa wasu samari sallama da Hausa a bakin lungunmu, suka amsa mini da Sango, yaren ƙasar. Ɗaya daga cikinsu jikan maƙwabcinmu ne.

Yaya ya kai ni gidan kafin magariba. An cire rufi, an rushe katangar baya, an jibge yashi da tsakuwa a tsakar gida. An sare mangwaron, har kututturen an tumɓuke. Bulon da na kafa a wajen kan Baba babu shi. Na tsaya ina duban fili, ban san inda zan taka ba. A hanya na sa rai cewa zan fara tono akwatin, domin Baba yana da wani babban littafin fiƙihu da ya cika gefensa da fassarar Hausa da ajami, wataƙila amsar tana ciki. Yanzu ban san ina akwati yake ba, ina kabari yake. Littafin da zai gaya mini ko ya halatta in tona yana kwance kusa da wanda nake tsoron tonowa.

Mai sayen ya same mu a wurin. Balaraben Chadi ne, ɗan sari, mutum mai sanyin magana. Da Sango muka yi magana. Ya nuna mini inda motoci za su riƙa sauke kaya, ya nuna kusurwar baya ya ce nan za a haƙa masai. Ya ce shi ma yana da mutum biyu binne a bayan wani gida da ya bari, don haka ba ya gaggauta kowa, amma ya riga ya ɗauko ma'aikata. Yaya ya zaro waya zai kunna mini wani wa'azi. Na ce ya bari.

"Kai fa matsalarka ke nan tun kana yaro," in ji Yaya. "Ko ruwa aka ba ka sai ka tambayi rijiyar."

Na ce ya ba ni Juma'a da Asabar.

Ranar Juma'a tun hantsi ina wajen masu littattafai da ke shimfiɗa kaya a kewayen Masallacin Koudoukou. Tebura ne da tabarmi, an lulluɓe rabi da leda saboda ruwa. Alƙur'anai ne suka fi yawa, sai ƙananan littattafan addu'a, da na fassarar mafarki, da carbi da turare. Akwai manyan littattafan Larabci masu ruwan zinariya a bango, waɗanda ko an ba ni kyauta sai dai in ajiye. Na gaya wa wani mai tebur abin da nake nema. Bai buɗe komai ba ya ce haramun ne. Na kusa da shi ya ce halal ne, shi ma ya ɗauke ƙanensa bara. Suka koma gardama da Larabcin Chadi, suka manta da ni.

Na Hausa kaɗan ne, an kawo su daga Kano ta Kamaru, rana ta ci launin bangonsu. Na tsuguna na duba su ɗaya bayan ɗaya har ƙafata ta mutu. Tsarki, alwala, salla, azumi. Waɗanda suka kai babin jana'iza sun yi bayanin wanka, da likkafani, da kabbara huɗu, da yadda ake kwantar da mamaci a gefen dama. Daga nan sai babin zakka. Dukansu sun tsaya a inda aka zuba ƙasa. Waɗanda suka rubuta su ba su yi zaton akwai garin da mutane za su dawo su tone iyayensu daga bayan ɗakin girki ba.

Na samu wani na Faransanci mai sheƙi, takarda fara tas. Shi ya taɓa maganar, ya ba da amsa a layi biyu. Zuciyata ta fara sanyi. Sai na juya farkonsa in ga wanda ya rubuta. Babu suna. Babu wanda ya fassara, babu inda aka buga, babu Larabcin da aka ɗauko maganar daga ciki. Na buɗe babin salla, na ga abubuwa da ba haka Baba ya koya mana ba, kuma littafin bai ce ga mazhabar da yake bi ba. Ban ce ƙarya yake ba. Amma in gobe aka tambaye ni wa ya ce in tona, ba ni da sunan da zan kira. Na mayar da shi.

Bayan an sauko daga masallaci aka nuna mini wani dattijo a cikin lungu, mai ɗinkin takalma a da. Bayan rikici ya riƙa bin gidajen da aka fasa yana tsintar takardun da iska ta watsa, duk wadda ya ga sunan Allah a kai ya ɗauka. Da suka yi yawa sai ya fara jera masu girma ɗaya yana ɗinke su da zaren takalmi, ya sa musu bangon kwali. Shi ba ya karanta boko. Mutane suna saye don araha, jaka ɗaya, wato sefa dubu, kowanne. A cikinsu na samu na Hausa, gefensa ya ƙone kaɗan, kuma a ƙasan wani shafi na ga kan magana a kan tone kabari. Na karanta. Ya ce ba a tone kabari sai da dalili, kuma dalilan su ne. A nan shafin ya ƙare. Na juya, na tarar da bayanin zakkar shanu, da wani irin rubutu dabam. Na bi littafin daga farko zuwa ƙarshe sau biyu. Littattafai uku ne a bango ɗaya, kuma shafin da nake nema ba ya ciki.

Na zauna a kan bencinsa. Dattijon ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Da na faɗa, sai ya ce ai malamin da ya yi wa Baba salla yana nan da rai. Ni na ɗauka ya rasu a Chadi. Ashe ya dawo, yana zaune a wajen 'yarsa ta ɓangaren Yakite, sai dai idonsa ya tafi.

Ranar Asabar da safe na same shi a zaure, a kan buzu, yana fuskantar ƙofa. Yanar ido ta rufe idanunsa biyu fari fat. Ya gane ni da murya. Ya kama hannuna bai sake ba har na gama bayani. Sai ya ce ya san mas'alar, ni ne mutum na nawa da ya zo da ita, kuma zai gaya mini yanzu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina so in gani a rubuce."

Na ji kunya ta kama ni, na fara ba da haƙuri.

"Bar shi," in ji shi. "Ubanka ma haka yake. Shekara goma muna karatu tare, bai taɓa yarda da ni ba sai ya sa yatsa a kan layin. Shiga ɗakin nan, littafi na biyu daga ƙasa, mai bangon fata."

Littafin nan kaɗai Malam ya tsira da shi, a cikin buhun gari ya fita da shi ya dawo da shi. Ya ce in duba farko tukuna. Ya sa na ga sunan mawallafi, da na wanda ya yi sharhi, da garin da aka buga. Ya ce mazhabar Malikiyya ce, wadda Baba ya rayu a kai. Sannan ya ce in buɗe wajen kashi ɗaya cikin huɗu, in nemi shafin da shayi ya zuba a kai, in ƙara uku. Na samu. Amma rubutun babu wasali, ƙanana kamar tururuwa. Na ce ba zan iya ba. Ya ce in kira masa baƙaƙen ɗaya-ɗaya, yadda aka koya mana a makarantar allo.

Haka muka yi. Ina cewa, "Ƙaf, ba, ra," yana cewa, "Kabari ke nan, wuce." In na kira uku ko huɗu sai ya ɗauki sauran jimlar da ka, ni kuma in bi da yatsa in ga ko haka take. Sau biyu na tsallake layi, ya ce, "Koma, ka bar wani abu." Sau ɗaya shi ya yi gaba, na ce baƙin da ke nan ba shi ya faɗa ba, ya yi dariya ya ce na kama shi. Layi bakwai suka ɗauke mu daga hantsi har kiran azahar. Ni ina gani ban sani ba, shi ya sani ba ya gani.

Ga abin da ya fassara mini. Kabari haƙƙin mai shi ne muddin akwai saura daga jikinsa a ciki, ba a taka shi, ba a tone shi haka kawai. Amma ana iya ɗauke mamaci a mayar da shi wani wuri in akwai maslaha, kamar a ji tsoron wani abu zai ɓata wurin, ko don a kai shi cikin 'yan'uwansa Musulmi, da sharaɗin kada a karya shi, kada a wulaƙanta shi. Na tambaya ko namu ya shiga ciki. Ya ce, "Masai a gefensa, mota a kansa. Kai me ka gani?" Ya ce ba a sake wanka, ba a sake salla, sabon farin ƙyalle kawai. Na roƙe shi ya maimaita, na rubuta da Hausa a takarda, da sunan littafin da lambar shafin. Na karanta masa abin da na rubuta, ya gyara kalma ɗaya.

Yaya ya riga ya karɓo takardar izini ta hannun mai unguwa. Ranar Lahadi bayan sallar asuba muka taru mu shida, har da mai sayen, wanda ya zo da tabarmi aka kare wurin daga idon mutane. An kawo Malam a moto, aka zaunar da shi a kan bulo. Na auna daga inda ƙofar ɗakin girki take, na nuna wuri, ban tabbata ba. Na hana a sa diga. Da fartanya muka bi a hankali, jar ƙasa mai danshi tana manne wa ƙarfe. Ramin farko babu komai. A na biyu fartanya ta daki ƙarfe.

Akwatin ne. Tsatsa ta cinye murfin, ya fashe a hannuna. Ruwan damina na shekaru ya shiga, gara ta bi ta inda ledar ta yage. Abin da na tarar dunƙule ne baƙi, kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Na gwada ɓare shi, ya narke a yatsuna. A wani ɓangare na ga jan tawadar Baba, rabin kalma, ban iya karanta ta ba. Duk fassarar da ya yi shekaru yana rubutawa a gefen shafi, don irina da ba su jin Larabci, ta tafi. Ni na binne ta da hannuna don in tsare ta. Tabaran kaɗai ya fito lafiya. Malam ya tambaya me aka samu, Yaya ya gaya masa. Ya miƙo hannu aka sa masa tabaran, ya shafa, ya mayar mini.

Amma akwatin ya nuna mana hanya, domin na san daga ƙafafu na sa shi. Muka matsa taku ɗaya. Daga nan muka ajiye fartanya muka koma hannu. Ba zan ba da labarin abin da muka gani dalla-dalla ba. Itatuwan da muka jera sun ruɓe, ƙasa ta zauna, likkafani ya zama zare-zare. Yana kwance a gefen dama yadda muka bar shi. Ni da Yaya muka shiga, muna ɗauka muna sa wa a farin ƙyalle. Yaya, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar rasuwar, ya fita ya tsaya bayan tabarma.

Ni na kasa fita. Ina murza ƙasa a tafin hannu, ina samun ƙanana, na yatsu, wasu kamar tsakuwa. In na ce na gama sai in sake samun ɗaya. Rana ta fito, ta yi zafi. Na tambayi Malam ƙashi nawa ne a jikin mutum, in ƙirga. Ya ce bai sani ba. Na ce ko yana cikin littafin. Ya ce ba ya ciki.

"To in na bar wani fa, Malam? Gobe za su zuba siminti."

"Ɗana, abin da ka gani ka ɗauka. Wanda ba ka gani ba, ba kai za a tambaya ba. Wanda zai tashe shi ya san inda kowanne yake. Fito, mutane suna jira."

Na ƙara murza sau uku, sannan Yaya ya kama hannuna ya jawo ni.

A bayan motar mai sayen muka kai shi maƙabartar Musulmi ta wajen filin jirgi. Tafiyar da ta gagare mu a wancan lokaci, ko rabin awa ba ta kai ba. Mun wuce mutane suna fitowa daga coci da kayan ado, yara suna sayar da ƙosan fulawa, babu wanda ya dube mu. Muka binne shi kusa da ƙanensa. Dunƙulen littattafan kuma muka haƙa masa rami dabam a gefe, tunda akwai sunan Allah a ciki.

Ranar Litinin ban je gidan ba. Na koma wajen masu tebur na sayi ƙananan littattafan Hausa guda biyu, bayan na duba sunan mai rubutu da na mai fassara da inda aka buga, na ga Larabcin yana sama fassara tana ƙasa, na kuma bi lambobin shafi daga ɗaya har ƙarshe. Mai teburin ya gaji da ni, ya ce in zan karance shi a nan to in biya kuɗin zama. Na kai wa Malam, na karanta masa wurare uku, ya ce sun yi. A farin shafin ƙarshe na ɗaya daga ciki na kwafe abin da ya fassara mini. Da zan tafi na tambaye shi wa zai gaji littafin mai bangon fata. Ya ce jikokinsa Sango suke ji, sai waya.

Mun baro Bangui ranar Talata, muka iso gida Laraba da yamma, ruwa yana dukanmu tun daga Bouar. Abokin tafiyata ya yi ta ba ni labarin farashin yadi, ina amsawa ban ji ba. Idona yana kan farcena. Jar ƙasar nan ta shige ƙarƙashinsu, na yi alwala ta fi sau goma ba ta fita duka ba, kuma na kasa daina tunanin ko ƙasa ce kawai.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Littafin da irina zai dogara da shi sai ya faɗi wanda ya rubuta shi da hanyar da yake bi, kuma a tabbata shafukansa nasa ne. Ko an same shi, yana tsayawa a wani wuri, daga nan sai babban littafi da mutumin da ya karance shi a gaban wani. A Kilomita Biyar na ga babban littafi ɗaya da mutum ɗaya, mutumin kuma ya tsufa. Ku da kuke da iyaye masu rubutu a gefen shafi, ku kwafa tun suna gani. Kada ku binne.

Washegarin dawowata wata maƙwabciyarmu ta yi sallama. Mijinta yana binne a bayan wani gida can Kilomita Biyar, a lungun da ke bayan namu, kuma an fara yi wa gidan ciniki. Na ɗauko littafin na karanta mata shafin ƙarshe, na gaya mata inda Malam yake, na ce ta tura ɗan'uwanta da wuri. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Naku, an same shi duka?"

Na ce abin da muka gani mun ɗauka.

Da ta tafi na yanke farcena goma a kan farar takarda, na naɗe, na haƙa rami a bayan ɗaki inda ba a takawa, na binne. Wannan ban gan shi a kowane littafi ba, kuma ban tambayi kowa ba.